Wa Aka Rufe Wa Baki a Zamfara?

Ranar Juma'a 3 ga Satumba, 2021, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta aika wa kamfanonin waya wasiƙa ɗauke da sa hannun shugabanta na lokacin, Farfesa Umar Garba Danbatta. Umarnin gajere ne: a kashe duk turakun sadarwa da ke jihar Zamfara, har da na jihohin maƙwabta waɗanda sabis ɗinsu ke tsallakowa cikinta, na tsawon mako biyu a karon farko. Gwamna Bello Matawalle ne ya nemi a yi hakan, buƙatar kuma ta bi ta ofishin ministan sadarwa, Isa Ali Pantami. Kafin a shiga sabon mako, wayoyin jama'a a ƙananan hukumomi 14 ba su da sauran amfani sai haska hanya da duba lokaci. Mako biyun nan ya miƙe. Gusau ta samu sabis ranar 1 ga Oktoba, amma Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi da sauran yankunan karkara suka ci gaba da zama a rufe har ƙarshen Nuwamba.

Ana cikin wannan hali ne, a daren Alhamis 14 ga Oktoba, 'yan bindiga suka shiga Sakajiki da ke ƙaramar hukumar Ƙauran Namoda, suka kashe mutum 12, suka cinna wa dukiyar jama'a wuta. Ba wanda zai rantse cewa da akwai sabis a daren da an tsira. Garuruwa nawa ne a Zamfara suka kira, suka sake kira, ba a zo ba sai da rana ta fito? Amma akwai bambanci tsakanin wanda ya yi kururuwa ba a amsa masa ba da wanda aka hana shi yin kururuwar tun farko. Mutumin Sakajiki a wannan dare ba shi da hanyar sanar da ɗan'uwansa na ƙauyen gaba cewa ya kwashe iyali, ba shi da hanyar kiran ofishin 'yan sanda na Ƙaura, ba shi da hanyar neman motar da za ta ɗauki wanda aka harba. Duk saƙon da zai fita daga garin sai dai ya fita da ƙafa ko a kan babur, a hanyar da maharan suke.

Idan aka ambaci 'yancin faɗin albarkacin baki, hankalin yawancinmu yakan tafi ga ɗan jarida a Abuja, ko matashin da aka kama saboda ya caccaki gwamna a Facebook. Waɗannan suna ciki. Sai dai a arewacin Zamfara maganar da ta fi kowace tsada ba sharhin siyasa ba ce. Kalma uku ce ko huɗu da manomi zai faɗa wa maƙwabcinsa: ga su nan tafe. Wanda ya ga ayarin babura ya nufo gari, wadda aka sace mata ɗa take neman wanda zai ji kukanta, direban da ya tarar an tare hanyar Shinkafi ya juyo yana gargaɗin na bayansa, su ne masu amfani da wannan 'yanci a matakinsa na farko. Abin da ya faru a jihar daga 2021 zuwa yau ya nuna cewa duk lokacin da hukuma ta taɓa hanyoyin magana da sunan tsaro, waɗannan mutanen ne suka fi jin jiki, su kuwa ɓarayin daji suka samu wata hanyar.

Adalci ne a faɗi halin da ya kai gwamnati ga ɗaukar matakin. Shekarar 2021 ta yi wa Zamfara nauyi. A watan Fabrairu aka kwashe ɗalibai mata 279 daga makarantar Jangebe. A watan Yuni aka kashe gomman mutane a Kadawa da ƙauyukan da ke kewaye da ita a ƙasar Zurmi. A watan Yuli aka harbo jirgin yaƙin sojojin sama. Ranar 1 ga Satumba aka sace ɗalibai 73 a makarantar Kaya ta Maradun. Kowa kuma ya san rawar da waya ke takawa a wannan mugunyar sana'a. Da ita infoma ke sanar da na daji wanda ya sayar da shanu a kasuwa da motar da ya hau, da ita ake cinikin kuɗin fansa, da ita ake ba da labarin motsin sojoji. Shi ya sa kashe sabis ya zo tare da rufe kasuwannin mako, da hana sayar da fetur a jarka, da hana safarar dabbobi, da taƙaita zirga-zirgar babura. Mutanen Zamfara da yawa sun yi na'am da matakan a makon farko, sun ce in dai za a gama da abin, za su jure. Ba wauta ce ta sa su amince ba, gajiya ce da binne 'yan'uwa.

Abin da ya biyo baya shi ne darasin. 'Yan bindigar ba su zauna jiran jirgi ba. Waɗansu sun gangara gabashin Sakkwato, waɗansu suka nausa Katsina da Kaduna, sai kashe sabis ɗin ya riƙa bin sawunsu: ƙananan hukumomi 13 a Katsina, 14 a Sakkwato, sannan wasu sassan Kaduna kafin watan ya ƙare. A yankunan iyaka, inda sabis ɗin kamfanonin Jamhuriyar Nijar ke shigowa, layin ƙetare ya maye gurbin na gida ga duk mai halin mallakarsa. Mai karɓar miliyoyin kuɗin fansa ba ya rasa kuɗin wayar tauraron ɗan'adam ko rediyon oba-oba. Wanda ba shi da wannan hali shi ne talakan ƙauye. Kwana uku bayan harin Sakajiki, ranar Lahadi 17 ga Oktoba, aka buɗe wuta a kasuwar Goronyo ta jihar Sakkwato, aka kashe mutum sama da 40.

A gefe guda kuma rayuwar yau da kullum ta tsaya cik. Masu POS, waɗanda su ne bankin garuruwan da ba su da banki, suka rufe rumfuna. Ɗan ci-rani a Legas ko Fatakwal ba shi da hanyar turo wa gida kuɗin hatsi, ba shi da hanyar jin ko gidan na nan. Ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda da iyayensu suka yanke da juna. Mace mai naƙuda a ƙauye, wadda a da ake kira mata mai mota, sai yadda hali ya yi. Aka koma rubuta wasiƙa ana ba direbobi a tasha. Masu ɗan hali suka riƙa tafiya Funtuwa ko Sakkwato don kawai su buga waya, daga baya kuma Gusau, suna bin hanyoyin da tun asali saboda haɗarinsu aka ɗauki matakin. Waɗanda suka fi ban tausayi su ne iyalan da aka riga aka sace musu mutane kafin a kashe layin. Muryar da suke ji jefi-jefi daga daji, wadda ita kaɗai ce shaidar cewa nasu yana raye, ta ɗauke.

Kuma Najeriya ta taɓa gwada wannan. A watan Mayun 2013, bayan Shugaba Goodluck Jonathan ya kafa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa, an kashe sabis a jihohin uku. A watan Yulin shekarar 'yan Boko Haram suka shiga makarantar sakandaren Mamudo da ke kusa da Potiskum, suka kashe mutum 42, yawancinsu ɗalibai. Gwamnan Yobe na lokacin, Ibrahim Gaidam, ya fito ya nemi a mayar da layin waya, bisa hujjar cewa rashinsa ya hana mutanen da suka ga baƙin fuskoki sanar da jami'an tsaro. Shekara takwas tsakani, aka maimaita matakin a Zamfara, wannan karon ma ba tare da an ayyana dokar ta-ɓaci ba.

A nan ne batun doka ya shigo. Sashe na 39 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin bayyana ra'ayi, da karɓar bayanai da isar da su ba tare da katsalandan ba. Kalmar karɓa da isarwa ita ce ta shafi mutumin Sakajiki kai tsaye. Sashe na 45 kuma ya yarda a taƙaita wannan 'yanci saboda tsaron ƙasa ko lafiyar jama'a ko zaman doka da oda, amma da sharaɗin cewa taƙaitawar ta zo ta hanyar dokar da za a iya kare ta da hujja a ƙasar da ke bin tafarkin dimokuraɗiyya. Dokar da ta fi kusa da ba da ikon kashe sabis ita ce Dokar Sadarwa ta 2003. Sashenta na 148 ya ce idan wani lamarin gaggawa ya taso, ko saboda tsaron lafiyar jama'a, NCC na iya dakatar da lasisin kamfani, ko ta karɓi ragamar kayan aikinsa na wucin gadi, ko ta janye sabis gaba ɗaya ko wani ɓangarensa daga jama'a.

Ikon yana da faɗi ƙwarai, shingensa kuwa kaɗan ne. Sashen bai ƙayyade kwana nawa za a iya rufewa ba. Bai ce sai alƙali ya duba hujjar ba, bai ce sai majalisa ta amince ba. An rubuta shi ne a 2003, shekara biyu kacal da shigowar wayar salula ƙasar nan, lokacin da layi ɗaya ya fi ƙarfin albashin ƙaramin ma'aikaci. A wancan zamani kashe waya na nufin takura wa 'yan tsiraru a birni. Yau yana nufin rufe banki da kasuwa da hanyar asibiti da gidan jarida a lokaci guda, a kan miliyoyin mutane, da wasiƙa ɗaya.

Kotuna a wasu wurare sun riga sun fara kafa wa irin wannan iko iyaka. A watan Yunin 2020 kotun ECOWAS ta yanke hukuncin cewa Togo ta keta haƙƙin 'yan ƙasarta da ta kashe intanet lokacin zanga-zangar 2017. A watan Yulin 2022 kotun ta ce dakatar da Twitter da gwamnatin Muhammadu Buhari ta yi, daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, ya saɓa wa doka. Kotun ƙolin Indiya, a hukuncinta na Janairun 2020 kan yankin Kashmir, ta ce ba a rufe intanet sai baba ta gani, dole a wallafa umarnin yadda wanda abin ya shafa zai iya ƙalubalantarsa, dole kuma a riƙa bitarsa a kai a kai. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda rufe Twitter ya tayar da ƙura har ƙasashen waje, lauyoyi suka yi layi a kotu, alhali kashe wa jiha sukutum waya, har kira da saƙo, bai samu rabin wannan kulawa ba. Masu Twitter suna da hanyar da za su kewaye su ci gaba da ƙorafi. Mutanen Zurmi kuwa abin da za su yi ƙorafin da shi ne aka ɗauke.

Bayan waya, sai aka juya kan masu ɗauko labari. Tun a watan Yulin 2021 Hukumar Kula da Kafafen Yaɗa Labarai, NBC, ta rubuta wa gidajen rediyo da talabijin cewa su daina fayyace bayanan hare-hare da na waɗanda abin ya rutsa da su. A watan Maris na 2022 Trust TV ta nuna wani shiri na musamman kan 'yan bindiga, wanda a cikinsa aka ji ta bakin Bello Turji, mutumin da sunansa kaɗai ke tayar da ƙauye a ƙasar Shinkafi. A ƙarshen Yuli kuma sashen binciken BBC ya fitar da nasa shirin, wanda wani matashi ɗan asalin jihar Zamfara, Yusuf Anka, ya ɗauko, ya shiga dazuzzuka da garuruwan da aka ƙona, ya yi magana da shugabannin daba da 'yan sa-kai da iyayen da aka kashe wa 'ya'ya. Ministan yaɗa labarai, Lai Mohammed, ya zargi kafafen biyu da kambama ta'addanci. Ranar 3 ga Agusta NBC ta ci tarar Trust TV naira miliyan 5, ta ci Multichoice mai DStv da TSTV da StarTimes miliyan biyar-biyar saboda sun nuna shirin BBC.

Damuwar gwamnati ba ta rasa tushe ba. Miƙa wa mai kisa makirufo abu ne mai haɗari, domin yana iya wanke kansa, ya tsorata jama'a, ya ja hankalin yaran da ba su da aikin yi. Duk ɗan jaridar kirki ya san wannan nauyi. Amma wanda ya kalli shirye-shiryen nan ya san abin da ya fi fitowa a cikinsu. An ga kaburbura jere. An ji yadda rikicin ya rikiɗe ya zama ramuwar gayya tsakanin Hausawa manoma da Fulani makiyaya, yadda kisan gillar da wasu 'yan sa-kai suka yi ya tura waɗansu daji, yadda kuɗin fansa ke komawa sayen makamai. Babu ko ɗaya a cikin wannan da yake sabon labari ga ɗan Ƙauran Namoda. Wanda bai sani ba shi ne mazaunin Abuja da Legas, wanda kuri'arsa da muryarsa ke iya motsa gwamnati, kuma shi ne tarar ta nemi ta toshe wa kunne. Ado Aleru, ɗaya daga cikin shugabannin daban da suka yi magana a shirin BBC, ba kyamara ce ta ɗaukaka shi ba. 'Yan kwanaki kafin fitowar shirin aka naɗa shi Sarkin Fulani a fadar 'Yandoton Daji da rana tsaka, alhali tun 2020 'yan sandan Katsina ke nemansa ruwa a jallo. Kukan da jama'a suka yi a kafafen yaɗa labarai ne ya sa gwamnatin jihar ta dakatar da sarkin da ya naɗa shi.

A wannan fagen an samu ci gaba na gaske, kuma kotu ce ta kawo shi. Ƙungiyar Media Rights Agenda ta kai NBC ƙara kan tarar naira 500,000 da ta ci tashoshi 45 a 2019. Ranar 10 ga Mayu, 2023, Mai Shari'a James Omotosho na Babbar Kotun Tarayya a Abuja ya yanke hukuncin cewa hukumar ba kotu ba ce, ba ta da hurumin cin tara. Hujjar mai sauƙin fahimta ce: ba zai yiwu hukuma ɗaya ta zama ita ce mai ƙara, ita ce mai bincike, ita ce alƙali, kuma kuɗin tarar ya shiga hannunta ba. A watan Janairun 2024 Mai Shari'a Rita Ofili-Ajumogobia ta soke tarar miliyan biyar-biyar ɗin nan da aka ci saboda shirye-shiryen Zamfara. Hukuncin ya zo bayan shekara ɗaya da rabi. A tsawon wannan lokaci kowane editan ƙaramar tasha ya ga abin da ya samu manya, ya auna kuɗin da ke asusunsa kafin ya tura wakili Shinkafi.

Gwamnatin jiha ma ta gwada nata. Ranar Asabar 15 ga Oktoba, 2022, kwamishinan yaɗa labarai, Ibrahim Dosara, ya sanar da rufe wasu kafafe a Gusau, ciki har da NTA da Pride FM, waɗanda mallakar gwamnatin tarayya ne, da Gamji da Al'umma TV. Laifinsu shi ne sun ɗauki taron jam'iyyar PDP na ɗan takararta na gwamna, Dauda Lawal, a lokacin da gwamnati ta ce ta haramta tarukan siyasa saboda tsaro. NBC da kanta ta fito ta ce gwamna ba shi da wannan iko, domin tsarin mulki ya sanya lasisin rediyo da talabijin a hannun tarayya. Cikin kwana biyu gwamnatin ta janye, ta ba da haƙuri. Amma ɗabi'ar ba ta mutu ba: a watan Agustan 2025 gwamnan Neja, Umaru Bago, ya ba da umarnin rufe Badeggi FM a Minna, aka sake tuna wa gwamna iyakar ikonsa. Kalmar tsaro ce aka riƙe a duka biyun.

Sai kuma ɗaiɗaikun mutane masu waya a hannu. Sashe na 24 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ya haramta aika saƙon da zai ɓata rai ko ya zama cin fuska, da hukuncin ɗaurin da ya kai shekara 3 ko tarar da ta kai naira miliyan 7. Da yake ɓacin rai ba shi da ma'auni, sashen ya zama sandar dukan 'yan jarida da masu suka. Kotun ECOWAS ta ce a gyara shi a 2020, ta sake faɗa a 2022, sai a Fabrairun 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a gyaran. Yanzu laifin ya taƙaita ga saƙon batsa, da saƙon da mai aika shi ya san ƙarya ne kuma ya aika don ya tayar da hargitsi ko ya jefa rai cikin haɗari. An rage faɗin tarkon, amma kame bai tsaya ba, kuma inda wannan doka ba ta kama ba akan ɗauko dokokin jiha na zagi da tunzura jama'a. A Nuwambar 2024 aka gurfanar da wata matashiya a Sakkwato bayan ta yi bidiyo kan halin da matan da 'yan bindiga suka raba da gidajensu ke ciki. Yarinyar ƙauye da ta ga haka za ta yi tunani sau biyu kafin ta ɗaga waya ta faɗi abin da ya samu garinsu.

Ba na cikin masu cewa a sakar wa kowa mara a intanet. Labarin ƙarya yana kisa a wurin da zukata suka riga suka tafasa. Tsohon hoto daga wata ƙasa, in aka liƙa masa sunan Zurmi, yana iya sa a afka wa rugar da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. 'Yan bindiga sun bayyana a TikTok suna baje kuɗi, kuma infoma gaskiya ne, har Zamfara ta yi doka a 2022 da ta tanadar musu hukunci mai tsanani. Tambayar ita ce wane magani ne zai samu mai cutar ya bar mai lafiya. Wayar da ke kunne tana barin sawu. Kowane kira yana bi ta wani turke, kamfani kuma yana ajiye lambar da ta kira da wadda aka kira, da lokacin, da turken da ya ɗauki kiran. Tun 2019 akwai ƙa'idojin NCC da suka ba jami'an tsaro damar sauraren layi da izinin alƙali. Tun Disambar 2020 aka tilasta haɗa layi da lambar NIN, mutanen karkara suka sha layi a rana, a watan Afrilun 2022 aka hana layuka sama da miliyan 72 kira. An ce duk don a kama mai neman kuɗin fansa ne. A Janairun 2024 Pantami da kansa ya koka cewa hukumomin tsaro ba sa amfani da tsarin yadda ya kamata. Idan aka kashe turke, wannan sawun ma ya ɓace, an kashe fitila ke nan don kada ɓarawo ya gani, alhali mai gida ne ya fi buƙatar hasken.

Su kansu 'yan bindigar sun nuna wanda sabis ya fi yi wa amfani. A watan Afrilun 2024, da suka kai hari garin Zurmi har suka nufi fadar sarki, sun ƙona turken sadarwa. Maharin da ya ɓata lokacinsa da fetur ɗinsa wajen ƙona turke ya san cewa garin da ke iya kira ya fi wuyar ci. A shekarar ce gwamnatin tarayya ta fitar da umarnin da ya sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ke karewa. Mataki ne mai kyau, amma takarda ba ta gadin turke, ba ta kai masa man janareto ta hanyar da ake tarewa. Dokar 2003 ɗin nan da ta ba da ikon kashewa, ita ce kuma ta kafa asusun kai sadarwa yankunan da kamfanoni ba sa ganin riba. Ƙauyukan da har yau sai an hau tudu ko bishiya ake samun sabis su ne aka kafa asusun dominsu.

Rediyo, wadda ta riƙe mutane a watannin da babu waya, ita ma ƙofofinta na raguwa. Sashen Hausa na Muryar Amurka ya yi shiru a watan Maris na 2025 bayan umarnin Shugaba Donald Trump. A ƙetaren iyaka, sojojin da ke mulkin Nijar sun dakatar da RFI a Agustan 2023, suka dakatar da BBC na wata uku a Disambar 2024 kan rahoton wani hari. Wannan ya ƙara wa tashoshin gida na Gusau da Sakkwato da Katsina nauyi, su ne kuma mafi sauƙin razanarwa.

Gyaran da ake buƙata a sashe na 148 ba mai wuyar rubutawa ba ne. Duk umarnin kashe sabis ya kasance a rubuce, a wallafa shi, a karanta shi da Hausa a rediyo kafin ya fara aiki. A ambaci yankin da ya shafa da sunan gunduma, ba jiha ɗungurungum ba. A sa masa kwanaki ƙididdigaggu, kuma kada a tsawaita sai alƙalin Babbar Kotun Tarayya ya ga hujja. A bar lambar gaggawa ta 112 da layukan asibitoci a buɗe. Bayan an buɗe kuma, a kai wa majalisa rahoton abin da aka cim ma da abin da aka rasa. Aikin 'yan majalisar da ke wakiltar Ƙauran Namoda da Birnin Magaji, da Shinkafi da Zurmi, da sanatan Zamfara ta Arewa ne su gabatar da wannan, domin babu wakilan da mutanensu suka fi nasu sanin abin da ake magana a kai.

Kafin nan ma akwai abin da doka ta riga ta ba jama'a. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowa damar neman takardun hukuma ba tare da ya faɗi dalilinsa ba, kuma a watan Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa dokar ta hau kan jihohi kamar yadda ta hau kan tarayya. Ƙungiyar ci gaban gari a Sakajiki, ko reshen ƙungiyar 'yan jarida na Gusau, ko ɗaliban Ƙaura, suna iya rubuta wa NCC da gwamnatin jiha su nemi wasiƙun da aka yi musaya a 2021, da dalilan kowace tsawaitawa, da adadin mutanen da aka kashe ko aka sace a makonnin da babu sabis idan aka kwatanta da makonnin da suka gabata. Hukuma na da kwana 7 ta amsa. In ta ƙi, ko ta fake da tsaro, dole ta faɗi sashen dokar da ta dogara da shi a rubuce, mai nema kuma yana da kwana 30 ya kai maganar gaban alƙali.